Swift ɗina mai haibirid ta daina kashe kanta a danja, wai batir ɗin lithiyam ne ya mutu?

Ɗan Kabi:
Assalamu alaikum jama'a, masu ilimin wutar mota ku taimaka. Ina da Suzuki Swift 2018, irin wadda anka rubuta ma SHVS a baya (alamar tsarin haibirid na Suzuki, injin mai da taimakon lantarki), beljiyam na saye ta bayan cire tallafin mai a 2023 sbd tsohuwar motata ta so ta cinye ni da rai. Da can in na tsaya a danja ko gosilo nan cikin Birnin Kebbi sai injin ya mutu da kanshi, ina motsawa ya tashi shiru ba ƙara. To yau wajen sati uku ta daina, ga wata fitila da ke kamawa a dashbod tana ɗaukewa, da safe kuma sai kik ya yi ta ja a kasalance kaman wanda anka tasa daga barci kafin ta kama. Na kai ma wani bakanike, ko bonet bai buɗe ba yac ce batir ɗin haibirid ne ya mutu sai an yi odar shi daga Legas, kuɗin da ya faɗa wlh sai da na zauna. In biya ko akwai abin da za a fara dubawa?

Rewaya Gusau:
Wa'alaikumussalam. Alhaji riƙe kuɗinka tukuna. Motar nan batir biyu gare ta, akwai na gargajiya mai bolt 12 a cikin bonet, akwai kuma ɗan ƙarami na lithiyam a ƙarƙashin kujerar gaba. Tashin farko da safe kik na yau da kullum ke yin shi, kuma daga batir ɗin bonet yake shan wuta. Na lithiyam aikinshi ya ajiye wutar da ake samu in ka saki totur, sannan ya ɗan tura ma injin in za ka ɗauki hanya, ta hannun wata na'ura da ake ce ma ISG, ita ce altanetar motar kuma ita ke sake tada injin a danja da bel. To tunda ka ce da safe take ja, ni batir ɗin bonet nake zargi ƙwarai.

Bari motar ta kwana, kafin a tada ta a sa mita a kan batir. Lafiyayye zai nuna kusan 12.6, in ka ga 12.0 ko ƙasa ya gaji. Sai a bar mitar a jone a murza makulli, in lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke ja, ba sai an yi dogon turanci ba. Kwamfutar motar in ta ga batir ɗin ya yi rauni ita da kanta take hana injin mutuwa a danja don kar ka maƙale tsakiyar titi, mutane sai su ce haibirid ya lalace alhali motar kare kanta take.

A duba kan batir ma. Wanga farin gishiri da ke taruwa a kai, ko kai mai lilo da anka cusa ma ƙusa don ya kama, ya isa ya haukata dashbod. A gefen negatib akwai ɗan sensa da siririyar waya, masu sayar da batir suna yawan fizge ta garin canji su bar ta tana reto. Sannan bel, in ya saki ko ya tsattsage ISG ba zai yi caji yadda ya kamata ba.

Kuma don Allah a jona sikana a karanta kod, wato lambar matsalar da kwamfutar motar ta ajiye, kafin a yanke ma kowane batir hukunci.

Baban Ummi Jega:
Hhhh ku masu neman sauƙin mai kun shiga uku, mota da batir biyu kaman mai mata biyu, wannan ta yi fushi waccan ta ɗauki gaba. Ni dai ina nan da tsohuwar Golf ɗina, in ta ƙi tashi yara su tura. Amma tambaya ta gaskiya, ba irin na Prius ba ne mai kashe mutum? Na ji an ce akwai wayoyi ruwan lemo da ba a taɓawa.

Rewaya Gusau:
Baban Ummi ba ɗaya ba ne. Prius cikakkiyar haibirid ce, batir ɗinta ya haura bolt 200, tana iya tafiya da lantarki zalla, ita ce mai wayoyi ruwan lemo kuma lallai ba a wasa da su. Wagga ta Alhaji ba ta tafiya sai da injin, lantarkin taimako kawai yake. Wasu irinta bolt 48 suke aiki da shi, kaman Mercedes masu EQ Boost da Audi A8 ta 2017 zuwa sama, su akwai kwanbata da ke sauke 48 ɗin zuwa 12 ya caja batir na gargajiya, in kwanbatar ta mutu sai ka yi ta canza batir yana mutuwa. Amma ƙarancin bolt a irin ta Alhaji bai sa a fasa akwatin lithiyam da sukundireba ba, sifana ɗaya ta haɗa kai biyu tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙona hannu ko ya kama kujera. Kuma kar wanda ya ɗauke shi ya kai wajen masu cajin batir na bakin kasuwa.

Malama Argungu:
Ƙanena bari in ƙara maka biyu, mijina irin tsarin nan gare shi. Lokacin bazara, Maris da Afrilu da zafi ke haura 40, motarshi ma daina mutuwa take a danja in esi na kan ƙarshe, da anka shiga damina ta dawo daidai ba wanda ya taɓa ta. Lithiyam ba ya son zafi, a daina barin ta cikin rana gilashi a rufe tun safe har la'asar. Na biyu masu wankin mota, ka tsaya a kansu, akwai yaron da na kama ya zura tiyo cikin mota zai wanke kafet, ruwan kai tsaye ƙarƙashin kujera zai tafi inda batir ɗin yake.

Ɗan Kabi:
Allah Ya saka da alheri Oga Rewaya, Yaya na gode. Na samu wani mai sikana jiya, da safe mita ta nuna 11.9, da anka murza makulli ta faɗo 8 da wani abu. Ashe batir ɗin da ke cikin bonet ba nata ba ne, wani ƙarami ne anka liƙa mata kafin in saye, har da guntun katako anka tokare shi don kar ya yi rawa. Wayar sensan kuma ba a cire ta ba amma soket ɗin ya yi kore. Mun sa sabo irin EFB da mai sikanan yac ce shi ya dace da mota mai kashe kanta, ya goge kod, fitilar ta ɗauke. Ba ta fara mutuwa a danja nan take ba sai da na je Kalgo na dawo. Saura bel, ya nuna min ya fara tsagewa ta ciki, a nan ban samu lambar shi ba. Oga ko ana samu a Gusau, ko in aika Sakkwato?