Neman shawara kan hawa allo mai tanti a tafkin Madarunfa lokacin hunturu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku game da wasan hawa allo mai tanti wanda iska ke turawa a kan ruwa, wasan da na koya a Dakar lokacin karatu, kuma nake son komawa gare shi yanzu da na dawo Maradi.

Gulbin Maradi yana ƙafewa da rani, saboda haka tafkin Madarunfa kaɗai nake gani kusa. Iskar hunturu da ke kaɗawa daga arewa maso gabas tsakanin Disamba da Fabrairu ita ce ta dace da wasan, amma tana zuwa da hazo, kuma wanda ya faɗa ruwa da sanyin safiya, iska ta buge shi a jiƙe, ƙarfinsa yana ƙarewa da wuri. Ba ni da rigar roba mai riƙe ɗumi. A ina ake samunta, Yamai ko Kano?

Abin da ya fi damuna shi ne tarun masunta, kututturan da ruwa ya rufe, da cutar tsargiya. Wane ɓangaren tafkin ne ya fi zurfi da aminci? Wa ya kamata in nemi izininsa, sarkin ruwa ko ma'aikatan gandun daji? Ba na son in ɓata wa masunta sana'arsu. Allah ya saka da alheri.