Juya tsohon labari ya zama wasan barkwanci: sana'a ce ko satar fasaha?

Malam Na-Tudu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo, kuma shekara shida ke nan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar tana hannuna. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne, ranar da aka raba ayyuka ne ban je taron ba, aka liƙa mini.

Zangon da ya wuce mun yi wasa ranar rabon kyaututtuka. Labarin ba nawa ba ne. Tsohon wasan nan ne na Molière, mutumin Faransa, na marowacin da ya binne akwatin kuɗinsa a lambu yana zargin kowa har 'ya'yan cikinsa. Fassarar Turanci na karanta, wani kwafi mara bango da na saya wajen masu baza littattafai a ƙasa. Sai na mayar da marowacin dillalin hatsi, na raɗa masa Alhaji Ƙanƙamo. Akwatin ya koma tulu, lambun ya koma gindin turken akuya. Muka ɓoye wani yaro ɗan aji biyu a bayan labule, aikinsa kukan akuya kawai. Duk sanda ya ce "meee", ko Alhaji na tsakiyar ciniki sai ya zabura ya nufi turke.

Wurin da ya fi ba ni wuya shi ne maganar aure. A can, uban yarinya ne ke ba miji dukiya, shi ya sa marowacin ya haukace da murna da aka ce wani dattijo zai karɓi 'yarsa ba tare da ko sisi ba. In na kawo shi haka, mutanenmu za su ce to sadakin fa? Kwana uku ina juya abin, sai da na ji uwargida suna lissafin gado da kujeru da gara na bikin ƙanwarta, sannan na ga bakin zaren. Duk hujjar da aka kawo wa Alhaji, cewa mutumin ya girmi yarinyar da shekara arba'in, cewa ba ta son sa, amsarsa ɗaya ce: "Ba kayan ɗaki fa!" A karo na uku iyaye mata da ke zaune a baya su ke riga shi faɗa.

Akwai wani wuri da na cire saboda tsoron manyan baƙi, inda marowacin ke juyowa ya tuhumi 'yan kallo da sata. Allah da ikonsa, ranar wasa tulun ya suɓuce ya fashe, marafan lemo da muka cika shi da su suka watse har ƙarƙashin kujerun gaba. Yaron da ke yin Alhaji bai daburce ba. Ya yi kururuwa a rufe ƙofa kada kowa ya fita, ya sauko daga dandamali ya tsaya gaban babban baƙo ya ce ya ɗaga ƙafarsa. Mutumin ya ɗaga kuwa. Ni dai ina bayan labule ina salati.

To, bayan an tashi wani abokin aikina ya ce mini a gaban mutane wai ai wannan satar fasaha ce, na ɗauko na Bature na sa masa hula. Abin ya tsaya mini a rai. Tambayata biyu ce. Shin wanda ke juya tsofaffin labarai haka, marubuci ne ko ɓarawo? Sannan akwai waɗanda suka riƙi wannan sana'a har suka ci abinci da ita? Shekarata 41, albashi kun san yadda yake, kuma ina da wasanni huɗu a cikin littafin rubutu.

Inna Ta-Damagaram

Wa alaikumus salam Malam. Na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ni Faransanci na koyar har na yi ritaya, kuma wasan nan na bi da ɗalibai ta cikinsa ban san iyaka ba.

Ka koma ka gaya wa abokin aikinka cewa wanda ya ce ka sata a wurinsa, shi ma ɗaukowa ya yi. Molière ya fito da marowacinsa a 1668, amma gindin labarin na Plautus ne, wani marubucin Rum da ya rasu shekara 184 kafin haihuwar Annabi Isa. A nasa, talaka ne ya tsinci tukunyar zinariya a gidansa ya hana idonsa barci. Shi kuma Plautus ɗin kusan duk wasanninsa daga na Girkawa ya juyo su. Har wurin da yaronka ya tuhumi 'yan kallo, yana nan a wajen Plautus. Ka cire shi, tulu ya dawo da shi.

Amma dubi abin da Molière ya yi da kayan aron. Ya mayar da talaka attajiri mai ba da bashi da ruwa, ya sa shi neman yarinyar da ɗansa ke so. Shi da kansa ya fito a marowacin, kuma da yake yana fama da tari, sai ya rubuta tarin a cikin wasan, wata 'yar kai-da-kawo tana yabon tsohon wai tarin ma kyau yake yi masa. Mutum ne da ke ɗinka riga daidai jikin wanda zai sa ta, kamar yadda ka yi da ɗan akuyarka.

Batun cin abinci kuwa, ka ji yadda ta kaya. Ubansa mai yi wa fadar sarki kayan shimfiɗa ne, gado na jiran sa, ya bari ya kafa ƙungiyar wasa a 1643. Cikin shekara biyu suka karye, har aka tsare shi kan bashi, cikin masu bin sa har da mai sayar musu da kyandir. Daga nan ya yi shekara goma sha uku yana yawon garuruwa da 'yan wasansa kafin ya koma Faris a 1658 ya yi wasa gaban Sarki Louis na 14. Abin da aka samu a ƙofa kaso-kaso 'yan ƙungiya ke rabawa, shi ne marubuci, shi ne shugaba, shi ne ɗan wasa. A 1673 ciwo ya taso masa yana kan dandamali, a wasan da yake fitowa a mai ciwon ƙarya, ya lallaɓa ya ƙarasa, daren nan ya cika. Ban faɗa don in tsorata ka ba, ɗana. Ina nufin ba rubutun kaɗai ya riƙe shi ba, yana da mutanensa da wurin da za su tsaya su yi.

Ɗan Tasha

Malam gaskiya ɗaya ce, wa zai biya kuɗin ƙofa yau ya zauna kallon dandamali? Ka yanka abin nan minti biyar-biyar, ka samu mai waya mai kyau ya ɗauka, ka zuba a YouTube da TikTok. Alhaji Ƙanƙamo da akuyarsa kaɗai sun isa. Su Rum da Girka ka bar wa Inna.

Bintu 'yar Samaru

Ɗan Tasha, ko a waya za a sa ai sai an rubuta tukuna.

Malam, ni wasan kwaikwayo na karanta a jami'a, kuma ba sai ka je Faransa neman misali ba. Femi Osofisan ya ɗauki wasan Gogol na Rasha, na 1836, wanda jami'an wani ƙaramin gari suka ɗauka wani matashi da aljihunsa ya bushe shi ne sufeton da gwamnati ta turo a ɓoye, suka yi ta dunƙula masa cin hanci. Ya dawo da labarin wata ƙaramar hukuma a ƙasar Yarbawa, ya kira shi *Who's Afraid of Solarin?*, aka buga a 1978. Dabararsa ita ce sunan. Tai Solarin mutum ne na gaske, ya riƙe kwamishinan karɓar koke-koken jama'a a lokacin, kuma an san ba ya karɓar na goro. 'Yan kallo ba su buƙaci a yi musu bayanin dalilin da cikin jami'an da ke wasan ke ɗurar ruwa in sun ji sunansa ba. Wole Soyinka ma a 1977 ya yi *Opera Wonyosi*, daga wasan Brecht, mutumin Jamus, na 1928, wanda shi ma daga na John Gay, mutumin Ingila, na 1728 ya fito. Wonyosi wani leshi ne mai shegen tsada da masu kuɗin zamanin arzikin mai ke yayi.

Sai dai ka lura, su biyun nan malaman jami'a ne. Albashi na shigowa, ga ɗalibai 'yan wasa kyauta, ga zaure. Osofisan ya daɗe yana koyarwa a Ibadan, ya kuma taɓa shugabantar babban gidan wasan ƙasa da ke Legas. Wato kujerar da kake kai yanzu, ƙaramarta ce ta irin tasu. Ni ban ga dalilin barin ta ba.

Inda abin ke kawo kuɗi sosai shi ne inda gidajen wasa ke sayar da tikiti kullum, marubuci yana da kasonsa. Richard Bean na Ingila sai wajen shekara 40 ya fara rubuta wasa, bayan ya yi aikin ofis ya kuma yi barkwancin tsayuwa, wato mutum ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a yana ba su dariya. A 2011 ya juya wani wasan Goldoni na Italiya, na baran da ke yi wa iyayen gida biyu aiki a ɓoye don ya ci tuwo biyu, ya kai shi garin Brighton na 1963. Daga Landan wasan ya tsallaka har Amurka, James Corden, wanda ya fito a baran, ya ci Tony da shi a 2012, wato babbar lambar yabo ta wasan dandamali a can. Amma shi Goldoni mai asalin labarin a talauce ya mutu a Faris a 1793, bayan juyin juya halin Faransa ya yanke masa fansho.

Ta fuskar doka: a Najeriya haƙƙin mallakar rubutu na nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Molière da Gogol ba mai tare ka. Fassarar da ka karanta kuwa tana iya kasancewa da mai ita, don haka kada ka kwashi jimlolinsa. Kuma ka rubuta a takardar shiri cewa daga wasan wane ka juyo. Wanda ya faɗi inda ya ɗauko, ina abokin aikinka zai kama shi?

Baba Mai Rediyo

Malam Na-Tudu, sannu da ƙoƙari. Yaran nan sun gama maka bayanin Turawa, ni kaɗan zan ƙara.

Ka tambayi mai cewa sata ce ko ya karanta *Magana Jari Ce*. Alhaji Abubakar Imam daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya ya tsinto da yawa daga labaran nan, amma wa ya taɓa karantawa ya ji ƙanshin baƙunta? Sai dai kada ka ce za ka hau dandamali da su kai tsaye kana karɓar kuɗi, ya rasu a 1981, lissafin Bintu bai cika ba, sai da izini. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya kawo wasan Shakespeare da Hausa, *Daren Sha Biyu*. Wancan fassara ce, aiki ne mai daraja, amma daban yake da naka. Mai fassara amana aka ba shi. Kai kuwa rushe gidan ka yi ka sake gini da tubalinsa.

Abin da nake ji maka tsoro ɗaya ne, kada karatu ya yi maka yawa ka manta da 'yan kama. Mun taso muna ganin su a kasuwa da rawaninsu na tsumma, su ɗauki muryar mai wa'azi su zuba mata zancen tuwo da miya, kowa ya san asalin, dariyar a nan take. Wanda bai san abin da aka juya ba, sai ka ba shi abin da ya sani, kamar kayan ɗakin nan naka. Ni a nan na gane ka iya. Uba da ɗa suna neman yarinya ɗaya fa, yaya ka yi da shi a gaban iyayen yara?

Malam Na-Tudu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, wurin nan ban iya barin sa yadda yake ba. Na mayar da ɗan ya zama ɗan ƙaninsa da ya riƙa tun yana yaye, duk da haka sai da wata uwa ta yi tsaki aka ji ta har gaba. Inna, ban taɓa sanin zancen tarin ba, ga shi ina da yarinya mai in'ina da kullum nake ba ta aikin jan labule. Zan rubuta mata wuri nata.

Bintu, na samo na Gogol jiya, na kai tsakar dare ina karantawa. Tun shafi na biyar na hango yadda zan juya shi: makaranta ce ake jiran masu duba aiki daga ma'aikata, ana aron kujeru daga firamaren maƙwabta, ana shafa wa duwatsu farar ƙasa. Matsalar ita ce shugaban makarantarmu a layin gaba yake zama. Ina tunanin in mayar da ita asibitin dabbobi, kun ga ɗan akuya ya sake samun aiki.

Ɗan Tasha, turo mini lambar mai wayar ta akwatin saƙo, amma ka gaya masa babu kuɗi yanzu. Tulun da ya fashe na uwargida ne, na ɗauka ban tambaya ba, kuma ta ce sai na Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan, za ta karɓa a madadinsa.