Wace manhaja zan ɗora wa allon hotuna, kuma a ina zan ajiye shi?

dogo_mai_zane:
Salam jama'a. Mu ne wasu ƴan zane muke so mu buɗe shafi irin su Futaba da 4chan ɗin nan, wanda mutum zai saka hoto ba sai ya yi rajista ba, jama'a su yi ta sharhi a ƙasa. Na duba manhajojin yin irin wannan allon hotuna na ga vichan, TinyIB, jschan da LynxChan, duk kyauta ne kuma kod ɗinsu a buɗe yake, to wlh kaina ya ɗaure. Sannan ina da tsohuwar laftof tana nan a ajiye, ko in maida ta saba (kwamfutar da za ta riƙe shafin) a gida kawai in huta da biyan kuɗin wata?

kwamanda:
Wa alaikassalam. Maganar laftof ɗin nan ka bar ta malam. Ba ma batun ɗauke wuta ba, in da data ta layin waya kake hawa to yawanci ba ka da IP (adireshin intanet) naka kai kaɗai, ku da yawa kuke raba guda ɗaya, na waje ba zai iya shigowa injinka ba. Cloudflare Tunnel, hanyar da ke haɗa injin gida da intanet ta cikin kamfanin Cloudflare, na iya warware wannan amma fa duk hoton da wani ya buɗe daga datarka zai fita, ka ga ba ka huta da komai ba kenan. Ka kama ƙaramin VPS, wato sabar haya a intanet, mai RAM 1GB ka sa vichan. Daga wata tsohuwar manhaja mai suna Tinyboard aka samo shi, PHP ne da MySQL, kuma abin da nake so da shi duk sanda aka yi sabon rubutu yana rubuta shafin HTML ya ajiye, masu karatu wannan suke ɗauka ba sai an taɓa databes ba. jschan ya fi shi kyan gani gaskiya, sai dai sai ka tada Node.js da MongoDB da Redis, nauyi ya ƙaru.

Hajjo:
Ni kam tambaya gare ni kafin a kai ga saba. Ka san irin wannan allon yana goge tsofaffin zare, wato hoto da sharhin da ke ƙarƙashinsa? Haka aka gina shi tun Futaba a Japan a 2001, wanda aka yi wa sharhi ya hau sama, wanda aka manta ya yi ta gangarawa har ya faɗa shafin ƙarshe ya tafi da hotunansa. Ga masu surutu ba laifi, amma masu zane? Ina ga booru kuke nema, inda ake maƙala wa kowane hoto kalmomin nema kuma ya zauna. Manhajar booru ta Danbooru kanta ta yi muku girma, Ruby on Rails da PostgreSQL ce, ka leƙa Shimmie2, ita PHP ce.

dogo_mai_zane:
Kai! Ashe gogewa yake yi. To amma mu hirar ma muna so Hajiya, ba ajiya kaɗai ba.

kwamanda:
A vichan ana iya ƙara yawan shafuka a config (fayil ɗin saiti), da yake ba ku da yawa zare zai daɗe bai faɗo ba. Faifai ne dai zai cika, shi za ka riƙa dubawa.

baba_sudo:
Duk kun tsaya kan manhaja, ni abin da ya fi damuna wa zai yi gadi. Allon da ba rajista, da zarar bot (manhajojin da ke aiki da kansu) sun gano shi za su fara zuba talla da hotunan ƙazanta, wasu ma haram ne a dokar kusan kowace ƙasa, kuma kamfanin da ka yi hayar saba a wajensa kai zai tuhuma, ya rufe maka ba dogon zance. Ka kunna kapca, gwajin nan na tabbatar da mutum ne ba bot ba, tun ranar farko, ka samu mutum biyu ko uku masu ikon gogewa, ɗaya ya zama mai kwana ido biyu don da dare suke zuwa. Ka sa iyaka kan girman fayil, bidiyon webm kuma ka kashe shi tukuna tunda shi ke cinye faifai. A cire EXIF, wato bayanan da ke ɓoye cikin fayil ɗin hoto, daga hotuna ma, hoton waya kan zo da GPS na inda aka ɗauka, kar yaro ya saka zanensa ya nuna wa duniya ƙofar gidansu.

dogo_mai_zane:
Na gode ƙwarai baba. Zan gwada vichan a kan laftof ɗin tukuna in ga yadda yake kafin in biya. Wa ya san wajen hayar VPS da ke karɓar katin naira?