Sauya jami'a ko riƙe tallafin karatu: waɗanda suka taɓa shiga wannan tsaka-mai-wuya a karatun lauya

Ɗan Azare: Assalamu alaikum yayyena. Ina aji biyu a tsangayar shari'a ta Jami'ar Sa'adu Zungur, reshen Misau. Gidauniyar wani ɗan kasuwa ce ke biya min kuɗin rajista, tana kuma ba ni na littattafai kowane zango. Yanzu kawuna da ke Zariya ya ce in nemi komawa tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Kongo, zan zauna a gidansa, ga kuma sunan ABU. Takardar tallafin an rubuta sunan makarantata a ciki. Wanda ya taɓa sauyawa, ko ya fasa, ya gaya min abin da ya gani.

Barista, Tudun Wadan Gombe: Wa'alaikumus salam ƙanina. Ni na sauya, shekarun baya. Na gama aji biyu, na nemi wata jami'a, suka duba takardar sakamakona suka ce sai dai in maimaita aji biyu, don tsarin darussansu bai zo ɗaya da namu ba. Digirin shekara 5 ya koma 6. Wanda ke ɗaukar nauyina bai yi faɗa ba. Ya ce alƙawarin shekara 5 ya yi, kuma shekara 5 zai cika. Shekarar ƙarshe mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta biyu da keken ɗinki. Keken nan har yau in na ga irinsa a kasuwa sai na kau da kai. Kafin ka ɗaga ƙafa, ka sa su rubuta maka ajin da za su karɓe ka. Maganar baki a ofishin rajista ba ta wuce ƙofar ofishin.

Maman Hanif: Ni fasawa na yi, kuma ban yi da-na-sani ba. Ranar da muka sauka a Bagauda, makarantar horon lauyoyi, ɗakinmu akwai 'yar Zariya, 'yar Jos, 'yar Maiduguri, da ni 'yar jami'ar jiha. Baƙar siket ɗaya, farar riga ɗaya, jarrabawa ɗaya. Ba wadda aka ƙara wa maki don sunan makarantarta.

Malam na Fadaman Mada: Hajiya, kin faɗi rabin gaskiya. A makarantar horon lauyoyi, ko ta Bagauda ko ta Bwari ko ta Yola, kowa ɗaya ne, amma bayan an rantsar da kai fa? Ni a Kano na yi karatu, kuma ofishin lauyoyin da ya fara ɗaukata, babban lauyan malaminmu ne a aji huɗu. A garin da kotuna da manyan ofisoshi suka yi yawa, ɗalibi kan riƙa shiga yana ganin yadda ake shari'a tun kafin ya gama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ni ban bar tallafi don in same shi ba, can aka ba ni gurbi tun farko. Da a ce ina da mai biya min, anya zan saki reshe in kama ganye?

Yaya Babba, Kaltungo: Ba wanda ya taɓo maganar kwota, kuma ita ce ta ci min shekara. Majalisar Ilimin Shari'a, wadda aka kafa tun 1962, tana kayyade wa kowace tsangaya yawan ɗaliban da za ta tura makarantar horon lauyoyi. Jami'ar da na koma, ba zan kira sunanta ba, ta ɗibi ɗalibai fiye da rabonta. Muka gama, aka tura na gabanmu da suka taru, mu aka ce sai baɗi. Abokaina da na baro a tsohuwar makaranta sun sa hular lauya ina gida ina sayar da katin waya. Ka tambayi 'yan aji biyar na can, ba malamai ba: waɗanda suka gama bara duk sun tafi? Sai batun JAMB. In ka sauya ba a gyara sunanka a wurinsu ba, ranar fitar da sunayen masu bautar ƙasa za ka sha yawo. In kuma shekarunka sun ja, ka lissafa da kyau, domin wanda ya haura 30 lokacin kammala digiri takardar yafewa ake ba shi.

Ɗan Azare: Yaya, na gode. To bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, fa, ba zai toshe gurbin tallafin ba?

Maman Hanif: Ƙanena yana karɓa tun da aka fara a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, su ba shi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, biya kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Yana taimakawa. Amma kai kyauta ake ba ka, wannan bashi ne. Ka kuma tuna gaba akwai kuɗin makarantar horon lauyoyi, da riga da hula, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke tsayawa cak. Tambayi gidauniyar ko tallafin ya haɗa da wannan shekarar. In ya haɗa, wallahi ni ko ina ba zan motsa ba.

Barista, Tudun Wadan Gombe: Abin da ban sani ba a lokacina shi ne ana iya roƙo. Wata yarinya da ta yi aiki a ofishinmu, mahaifinta ne ya tafi da kansa wurin masu ɗaukar nauyinta, da takardar karɓa a hannu, suka yarda suka bi ta da tallafin sabuwar makarantar, da sharaɗin ita za ta biya shekarar da ta maimaita. Kada ka aika saƙon waya. Kawun naka ya zo daga Zariya, ya samu mahaifinka, su je tare. Kuma a gaban mahaifinka a tambayi kawu ko masauki kaɗai ya yi alƙawari, ko har da kuɗin rajista in gidauniyar ta ce a'a.