Allurar Rigakafin Mura Ta Bana: A Yi Ko A Bari?

Malam Garba: Assalamu alaikum. Sanyi ya ƙarato, an fara kiran mutane su je a yi musu allurar rigakafin infuluwenza ta bana. Ni kam na gama yanke shawara, ba zan sake miƙa hannuna ba. Bara da aka yi mini, tun kafin dare ya raba jikina ya ɗau zafi, gaɓoɓi suka yi tsami, hannun ko riga ba na iya sawa da shi sai an taimaka mini. Ban gama warwarewa ba sai ga tari da majina, na kwanta warwas. Lafiyata ƙalau na tafi wurin allurar nan. To in ba cutar aka zuba mini a jiki ba, me ya same ni? Ra'ayina shi ne allurar ce da kanta ke kawo murar da ake cewa tana karewa. Mai hujja ya kawo.

Hajiya Talatu: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara afuwa. Ba na musun abin da ka ji, don ni ma duk lokacin da aka yi mini sai hannun ya yi nauyi, wani sa'in har da kasala da ciwon kai. Amma ni mai asma ce, kuma na taɓa haɗuwa da infuluwenza ta gaske. Daren da ta tsananta, ina zaune a bakin gado na dafa gwiwoyi, ina jan numfashi amma iska ba ta wuce maƙogwaro, ƙarar ƙirjina ana jin ta daga ƙofar ɗaki. 'Yata na girgiza mini maganin shaƙa tana kuka. A gadon asibiti na ƙare da robar oksijin a hanci. Tun daga nan in an ce allura ta iso, ni ce a gaba.

Nura: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Amma ni ina bayan Malam, ko da yake hujjata daban ce. Ita kanta Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka cewa take yi allurar na rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, shi ma sai a shekarar da aka dace da irin ƙwayar da ke yawo. A sanyin 2014 zuwa 2015 kashi 19 kacal ta yi aiki. Ka sha zazzaɓi, ka rasa aikin yini, kuma babu tabbas. Sannan ƙyanda sau biyu ake yi wa yaro allurarta a gama, me ya sa wannan sai kowace shekara? Ni abin ya fi mini kama da kasuwanci.

Zainab: Ni aikin jinya nake yi, da hannuna nake yin allurar nan, don haka bari in fara da maganar Malam.

Allurar da ake yi a dantse babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Ko dai an kashe ƙwayar an farfasa ta, ko kuma wani ɗan sashe na bayanta kawai aka haɗa. Abin da ba shi da rai ba ya hayayyafa, ba yadda za a yi ya zama infuluwenza a jikinka. Akwai wata da ake fesawa a hanci, ita ce ke ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, shi ya sa ba a ba masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki. Zafin jiki da tsamin gaɓoɓin da ka ji a daren farko kuwa gaskiya ne, kuma daga allurar ne. Garkuwar jikinka ce ta ga baƙon abu ta tashi tsaye, sinadaran da take saki su ke ɗaga zafin jiki. Yawanci yini ɗaya ko biyu ya wuce.

Tari da majinar da suka biyo baya labarinsu daban ne. Sai an yi kimanin mako biyu da allura kafin kariya ta kankama. Infuluwenza kuma takan yi kwana 1 zuwa 4 a jiki kafin ta nuna kanta, don haka mutum na iya zuwa da ita bai sani ba, ko ya kwaso ta a layin jira. Ban da ita, akwai ƙwayoyin cuta sama da 200 da ke jawo mura ta yau da kullum. Allurar ba ruwanta da su, kuma lokacin da ake yin ta shi ne daidai lokacin da suke tashe.

Malam Garba: Malama Zainab, kin yi bayani, amma abin ya yi sauƙi da yawa. Duk wanda ya ce allura ta kwantar da shi sai a ce masa dama can da cutarsa. Ke nan ba ranar da za a yarda laifin allura ne?

Zainab: Tambayarka a kan hanya take, Malam, kuma an gwada ta. An raba manya masu lafiya kashi biyu, wasu aka yi musu allurar gaske, wasu aka yi musu ta ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce aka ba shi. Da aka bi diddigi, tari da majina da ciwon maƙogwaro kusan daidai suke a ɓangarorin biyu. Inda aka ga bambanci a fili shi ne ciwon hannu da jan wurin, waɗannan sun fi yawa ga masu allurar gaske. Ka ga an yarda da laifin da yake nata.

Nura, ƙwayar ƙyanda kusan ba ta sauya kama, ta infuluwenza kuwa kullum cikin sauyawa take. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke haɗa kan ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe suna bibiyarta. A watan Fabrairu ake zaɓen nau'o'in da za a sa a allurar ƙasashen arewacin duniya, a Satumba na kudanci, watanni kafin sanyin ya zo, don masana'antu su samu lokacin haɗawa. A 2014 an riga an yi zaɓe sannan nau'in H3N2 ya sauya, abin da ya jawo kashi 19 ɗin da ka faɗa ke nan. Kariyar kanta ma raguwa take yi da watanni.

Nura: Anti Zainab, na karɓi wannan. Amma kada mu tsaya a ciwon hannu kamar shi ke nan. A 1976 Amurka ta yi wa mutane fiye da miliyan 40 allurar murar aladu, aka dakatar da shirin a watan Disamba saboda cutar Guillain-Barré, wadda garkuwar jiki ke afka wa jijiyoyi har ƙafafu su shanye. A 2009 kuma aka yi amfani da wata allurar infuluwenza mai suna Pandemrix a Turai, daga baya a Finlan da Suwidin aka ga yara da matasa sun kamu da lalurar da ke sa barci ya kwashe mutum da rana tsaka ba shiri, kuma ba ta warkewa. Su ma iyayen yaran nan ai ce musu aka yi ba komai.

Zainab: Duka biyun sun faru, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya musa su ya cuci aikinsa. A 1976 an samu ƙarin mutum kusan 1 a cikin kowane 100,000 da aka yi wa allurar. Allurar da ake yi duk shekara yanzu, in ma akwai ƙarin haɗarin, ƙiyasinsa mutum 1 zuwa 2 ne a cikin miliyan, kuma ita kanta infuluwenza ta fi allurar jawo Guillain-Barré. Pandemrix allura ce ta musamman da aka yi don annobar 2009, an daina amfani da ita. Abin da nake so ka duba shi ne yadda aka gano su: likitoci da iyalai ne suka kai rahoto, aka tara, aka ƙirga. Birtaniya na da tsarin karɓar rahoton illar magunguna mai suna Yellow Card tun 1964, Amurka na da na alluran rigakafi mai suna VAERS tun 1990. Ta irin wannan hanyar aka gano daskarewar jini bayan allurar korona ta AstraZeneca a 2021, da kumburin tsokar zuciya a samari bayan wani nau'in allurar korona da ake kira mRNA. Rahoto shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa allura ce sila, amma in ba a kai ba, ba a ma fara bincike.

Rabi: Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Ni ina cikin 'yan kaɗan ɗin nan da allurar ta yi wa mummunar illa, sai dai tawa borin jini ce. An yi mini allurar, aka ce in zauna minti 15 kafin in tafi. Ina zaune tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi, na duba wuyana a gilashin taga na ga ya yi ruɗu-ruɗu, leɓena ya kumbura, muryata ta shaƙe. Da na fara gaya wa wadda ke kan tebur, sai ta ce tsoro ne kawai, in sha ruwa. Wata ce daban ta kalle ni ta ruga ta ɗauko allurar adirenalin ta soka mini a cinya. Har yau kalmar nan ta "tsoro ne kawai" ta fi allurar yi mini ciwo. Likita ya rubuta a katina kada a sake yi mini sai ƙwararre kan borin jini ya duba ni. Duk da haka mijina da yarana ana yi musu, don ni ba ni da wata kariya sai tasu. Malam Garba, abin da ya same ni da abin da ya same ka ba ɗaya ba ne, ina roƙon kada a haɗa su.

Hajiya Talatu: Subhanallahi. Sannu Rabi, Allah ya tsare gaba. Waccan ma'aikaciyar ba ta kyauta ba ko kaɗan. Irin wannan halin ne ke sa mutane su guji asibiti gaba ɗaya.

Baba Audu: Yarana, ku bari tsoho ya ce wani abu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ban ga laifin Garba ba. Amma ni da nake da ciwon zuciya, likitana ya nuna mini abin da ban taɓa haɗa shi da mura ba. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2018 ya gano cewa a mako na farko bayan an tabbatar mutum na da infuluwenza, haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau shida. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum 290,000 zuwa 650,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilin matsalar numfashi da cutar ke jawowa. Nura yana raina kashi 40. A shekaruna kashi 40 ba abin rainawa ba ne.

Nura: Baba, Allah ya ƙara girma, a kanku ba ni da ja. Ku da Hajiya ku yi. Ni da nake matashi, ba asma ba ciwon sukari, ban ga dalilin da zai sa in sayi zazzaɓi da kaina ba. In ta kama ni na kwanta mako guda na tashi.

Rabi: Ƙanina, kai ka tashi. Amma mutum na iya yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji alamar komai. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a yi masa allurar, kariyarsa ita ce wadda ya samo daga uwarsa in an yi mata tana da ciki, sai kuma ta masu ɗaukarsa. Ba cewa nake dole ka yi ba. Ka dai duba su wa kake kwana da su a gida kafin ka rufe maganar.

Nura: Ni kaɗai nake zaune, Yaya Rabi. Bana dai ba zan yi ba. Ranar da hali ya sauya zan sake dubawa.

Malam Garba: Ni har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya ba, don ni na san daren da na kwana. Sai dai maganar Rabi ta taɓa ni, saboda mahaifiyata a wurina take, ta manyanta ƙwarai, ga hawan jini. Malama Zainab, in na kai ta, irin tawa za a yi mata? Kuma in na daure na sake yi, akwai abin da zai rage mini wahalar bara?

Zainab: Ga masu shekara 65 zuwa sama akwai mai ƙarfi, wadda sinadarin cikinta ya ninka na kowa sau huɗu. Ka tambaya ko suna da ita, in babu a yi mata wadda ke akwai. Kai kuma ka zaɓi ranar da washegari ba ka da aiki mai nauyi, ka ba da hannun da ba ka cika aiki da shi ba, ka saki kafaɗa lokacin soka allurar, bayan nan ka riƙa motsa hannun. In zazzaɓi ya zo, farasitamol ya isa. In kana da zazzaɓi a ranar, ka ɗaga sai ka warke. Kada ku bar wurin sai minti 15 sun cika, kuma ka gaya wa mai allurar duk abin da ka ji bara, ka ce a rubuta a katinka. In ciwon kafaɗa ya wuce 'yan kwanaki yana ƙaruwa, ko ka ji ƙafafu na sanyi da mutuwa, ka koma asibiti a ranar, kada ka jira.