Layin da ke bayan mesar nan: gado ne ko zafin ƙwai?

Mai Mesa: Salamu alaikum jama'a. Ku dubi hoton nan. Ƙaramar mesa ce, irin wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya, Faransawa na ce mata python royal. Wani direba mai zuwa Kotonu ya kawo mini, jika 60 na ba shi. Namiji ne. 'Yan uwansa bayansu dabbare-dabbare ne, baƙi da ruwan ƙasa, shi kuwa layi ɗaya ne ruwan zuma tun daga wuya har wutsiya, wuri biyu kawai ya tsinke. Ni na ce irin na musamman ɗin nan ne da masu kiwo ke kira morf, wanda ake gado. Akwai mai son saye, kuma a kan haka nake son in yi masa kuɗi.

Mai Tantabara: Ƙanena, ka yi dace. Shekara 20 ina kiwon tantabaru a Birnin Damagaram, ido ba ya yi mini ƙarya. Zane mai tsabta irin wannan daga jini yake fitowa.

Mushe: Yaya, ban raina idonka ba, amma a nan ido shaida ɗaya ne, kuma bai isa ba. Masu kiwon mesar nan ba sa kiran zane morf sai ya fito a jikin 'ya'ya. Zabiyar mesa ma an kama ta a daji tun da fari, amma sai da Bob Clark ya ƙyanƙyashe 'ya'ya zabiyoyi a Amurka a 1992 aka tabbatar gado ce. Mai farin jiki da tsibiran zane, wadda suke kira piebald, Peter Kahl ne ya tabbatar da ita a 1997. Kafin nan kowa zato yake yi.

Baba Gardi: Ɗana Mushe ya faɗi gaskiya. Na yi yawo da macizai har ƙasar Benin, na shiga ɗakin mesa na garin Wida inda ake girmama su. Ka tara guda 30 wuri ɗaya, ba biyun da zanensu ya zo daidai. Wata layi a wuya, wata a gindin wutsiya, wata haske kamar an wanke ta. Kuma kowace in ta yi saɓa, kwana biyu sai ka ga tana sheƙi. Yaushe naka ya yi saɓa?

Mai Mesa: Kwana huɗu kafin in ɗauki hoton, Baba. Amma saɓa haske take ƙarawa, ba ta zana layi.

Likita: Haka ne, saɓa ba ta zana layi, amma zafi yana zanawa. Ƙwan mesar nan kwana 55 zuwa 60 yake yi, kuma yana son zafi wajen digiri 31 zuwa 32 ba hawa ba sauka. In zafin ya yi ta wasa lokacin da zanen ke tsaruwa a cikin ƙwai, sai ɗan ya fito da layi ko karkataccen zane, wani lokaci har da lanƙwasar ƙashin baya. Wannan ba ya bin jini. A Benin da Togo da Gana kuma, inda ake fitar da mesar nan da yawa zuwa Turai da Amurka, ƙwai ake tonowa daga ramuka ko a kama mata masu ciki, a ƙyanƙyashe a hannun mutane. Ka ƙara hoton gefen jikinsa mu gani.

Mai Mesa: Ga shi.

Likita: To duba. Gefensa cike yake da zoben nan masu ɗigo biyu kamar ido, irin na kowace mesa. Layin gado na asali da masu kiwo suka sani yakan zo da baƙin iyaka dama da hagu, gefen jiki kuma kusan fili, babu zobe. Ban ce naka ba gado ba ne, amma bai yi kama da wanda aka sani ba.

Mai Tantabara: In bai yi kama da wanda aka sani ba, ai sabo ne, ya ma fi tsada!

Mushe: Yana iya zama sabo, Yaya, shi ya sa sai an gwada. Ga yadda ake yi. A haɗa shi da mace mai zanen kowa da kowa. In irin gadon da ke nuna kansa daga uba kaɗai ne, wajen rabin 'ya'yan za su fito da layin. In ba ko ɗaya, magana ba ta ƙare ba, don akwai gado mai ɓoyewa, kamar yadda iyaye biyu baƙaƙe ke haifar zabiya. Sai a raini 'ya mace, shekara uku galibi, ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi, a mayar da ita wajen uban. A nan kowane ƙwai rabi da rabi ne. Mesar nan ƙwai shida take yi ko kusa da haka, kuma in gadon na nan, a ce duka shidan sun kuskure masa sau ɗaya ne cikin 64. In aka yi haka sau biyu ba layi, da alama na zafin ƙwai ne.

Hajiya: Wannan ai abin da muka sani ne a tumaki. Uda tana haifar uda, gaba duhu baya fari. Rago ɗaya mai tabo a goshi ba ya zama iri don ya yi kyau. Ɗana, in ka karɓi kuɗin iri a kan abin da ba ka tabbatar ba, haƙƙin mutum ne a wuyanka.

Mai Mesa: Hajiya, wallahi ba cuta na nufa ba. Amma shekara huɗu ina ciyar da shi ɓeraye kafin in san gaskiya? Ba wata gajeruwar hanya?

Likita: Akwai ɗakunan bincike a waje da ke gwada ƙwayoyin gado daga busasshiyar saɓa, amma ire-iren da aka riga aka gano asalinsu kawai suke ganewa, kamar zabiya da piebald. Sabon abu ba ya cikin ma'auninsu. Sannan ko gadon ne, ba kowane ne alheri ba. Akwai wanda suke kira gizo-gizo, zanensa siriri mai kyau, amma yana zuwa da rawar kai, wani har ya kasa saita abincinsa. Ka juya naka rigingine a hankali ka ga ko yana miƙewa nan take. Kuma ka tambayi direban takarda, don mesar nan tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba a tsallaka iyaka da ita sai da izini. Ma'aikatan gandun daji za su tambaye ka.

Mai Tantabara: Ni dai ina kan bakata, jini ne. Ƙanena, kada ka sayar. Nemo mace, zan ara maka injin ƙyanƙyasar kajina.

Likita: Injin kaji kusan digiri 38 yake, Yaya, zai dafa ƙwan. A bar wa uwar ta naɗe su da kanta a ɗaki mai danshi da zafinsa ke wajen digiri 31 zuwa 32, kuma kada a bari ya faɗo watan Afrilu ko Mayu, lokacin da Damagaram ke wuce 40.

Mai Mesa: Na gaya wa mai sayen mesa ce mai kyan zane, gadon ba a tabbatar ba. Ya ce zai yi shawara. Baba, in ka san inda zan samu mace da takardarta, ina nan zuwa Zango bayan la'asar.