Abin da Aka Tattara Kan Koyar da Yara Tunani da Ƙirƙira

Ga taƙaitaccen abin da iyaye da malamai suka faɗa a doguwar tattaunawarmu:

1. Kusan kowa ya yarda cewa hadda tana da amfani, domin da ita aka raine mu a makarantar allo, amma ɗalibin da ya haddace ƙa'idar lissafi bai san dalilinta ba, da zarar an sauya fasalin tambaya sai ya rikice.

2. Mutane da dama sun kafa hujja da kasuwar Panteka ta Kaduna, wadda ta yi suna wajen ƙere-ƙere, inda yaron da ake cewa ba ya ganewa a aji yake kallon inji, ya auna shi a zuciyarsa, sannan ya ƙera irinsa. Wannan hujja ta fi kama hankalina, domin ta nuna cewa basirar tana nan, hanyar koyarwa ce ta gaza kaiwa gare ta.

3. An ba da shawarar shigar da dara da kacici-kacici cikin darussan firamare.

4. An samu saɓani kan jarrabawa. Wasu sun ce muddin WAEC da NECO da JAMB ne ƙofar shiga jami'a, dole malami ya fifita kammala manhaja. Wasu kuma suka ce mai fahimta ya fi mai hadda cin jarrabawar.

5. Da aka tuno gwajin malaman firamare na 2017 a jihar Kaduna, ra'ayi ya rabu kan korar da aka yi wa malaman da suka faɗi gwajin, amma an haɗu kan cewa horar da malami yadda zai yi tambaya mai sa tunani ya kamata a fara.